Babi na Bakwai: Ƙugiya Mai Haske a Cikin Jini

Duk wanda ya tashi a Saulawa ya san abin yi in guga ya tsinke a rijiya: a aro ƙugiya, a zura, a yi ta lalube har ta kama. Masu binciken sankarar jini ma ƙugiya suke zurawa, sai dai tasu ba ta lalube. An ƙera ta ne don ta kama wuri ɗaya tak.

Gutsuren DNA ce, an shafa mata sinadari mai ƙyalli. Da yake DNA tufka biyu ce kamar igiya, sai a ɗumama ta ta warware, ƙugiyar ta je ta manne inda haruffanta suka dace. Sunan dabarar FISH.

Labarin da ya fi burge ni ya girmi ƙugiyar kanta. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadalfiya cewa masu wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, CML, suna da wani kuromosom (ƙunshin DNA) ɗan tsugul. Aka ɗauka gutsurewa ya yi, gutsuren ya ɓace. Sai Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta riƙa yanka hotunan kuromosom da almakashi tana jera su a teburin cin abincin gidanta, tana gargaɗin 'ya'yanta kada wanda ya yi atishawa. A 1973 ta bayyana cewa babu abin da ya ɓace: kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. A mahaɗar ne ƙwayoyin gado biyu, ABL da BCR, suke haɗewa, su sa fararen ƙwayoyin jini su yi ta haihuwa ba tsayawa. Almakashi fa da haƙuri!

Yau sai a ba ABL jar ƙugiya, BCR koriya, a kashe fitila a leƙa madubin likita. Mai lafiya ja biyu, kore biyu, kowane a gefensa. In ja ya hau kan kore, rawaya ta bayyana, an kama ɓarawo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu jin "ƙwayar gado" su ce ai irin sikila ce, daga dangin wane aka kwaso. Ina! Sikila daga uwa da uba take, shi ya sa ake gwajin AS kafin aure. Wannan musaya kuwa a ɓargon mutum take faruwa bayan an haife shi. Bai gada ba, ba zai gadar ba. Kuma ba sammu ba ce. Mutum saifarsa ta kumbura har ta sauko cibiya, ana ta yi masa tsaga da jiƙo, alhali daga Makarfi ko Kudan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba wata tafiya ba ce. Tun 2001 akwai imatinib, ƙwayar maganin da ke toshe aikin BCR-ABL, amma sai an tabbatar da musayar ake ba da ita.

Akwai kuma ciwon da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen sauro, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. A wannan ciwon MYC ne, shi ma ƙwayar gado, ke tsallakawa, galibi daga kuromosom na 8 zuwa na 14. Ana kafa ja da kore a gefunansa biyu, don haka rawaya ce alamar lafiya. In suka rabu, MYC ya tsinke.