Sanin Wurin Bugu Shi Ne Ƙira: Yadda Unguwa Ke Tsara Yaƙi Da Shaye-shaye

Duk wanda ya taso a Tudun Jukun ya san yadda abin yake kasancewa. A tsinci wani yaro a kango ya bugu har bai san inda kansa yake ba, ko a yi faɗa da makami bayan an tashi daga biki, sai a kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Wannan dattijo ya ce laifin masu kemis ne. Wancan ya ce 'yan siyasa ne suka ɓata yara lokacin zaɓe. Wani ya ce ai ba 'ya'yanmu ba ne, daga wasu unguwanni suke shigowa. Liman ya yi nasiha, a yi addu'a a watse. Kwana biyu 'yan sintiri su zagaya, a kama mutum uku ko huɗu, a yi musu aski da bulala. Bayan mako biyu komai ya koma yadda yake.

Ba muna raina ƙoƙarin iyayenmu ba ne. Sai dai akwai tambayoyin da ba mu cika jin an yi su a irin wannan taro ba. Yara nawa ne a unguwar nan suka taɓa shan wani abu? Me suka fara sha, kuma suna da shekara nawa? A ina suke samu, wa ya fara ba su? Da rana ne ko da dare? Maza ne kawai, ko har da mata? Kowa yana da amsa a ransa, amma amsar zato ce. Masana kiwon lafiyar al'umma kuwa suna cewa a fara tattara bayani, a tsara aiki bisa abin da bayanin ya nuna, sannan a dawo a auna ko an samu canji. Wannan hanya ce muke so mu yi bayani a fitowar wannan mako.

Bari mu fara da abin da aka riga aka ƙirga. A shekarar 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka, wato UNODC, ta kammala wani babban bincike kan shaye-shaye a Najeriya, aka fitar da rahotonsa a watan Janairun 2019. An gano cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abu mai sa maye a shekarar da ta gabata, ban da giya da taba sigari. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6. Sai magungunan kashe ciwo irin su tiramol, mutum miliyan 4.6, sai ruwan maganin tari mai kodin, mutum miliyan 2.4. A yankinmu na Arewa maso Yamma an samu kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3.

Abu biyu suka ja hankalinmu a rahoton. Na farko, a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Mu a nan idan aka ce ɗan ƙwaya, hoton da ke zuwa mana shi ne saurayi mai jajayen idanu a bakin titi. Wadda take shan kwalbar maganin tari a uwar ɗaka, ko a gidan biki, ba ta zuwa ran kowa, kuma babu ɗan sintirin da zai taɓa ganinta. Unguwar da ta tsara dukkan aikinta kan kame a titi ta bar waɗannan a baya tun kafin ta fara. Na biyu shi ne yadda aka yi binciken. Masu aikin sun shiga gidaje fiye da dubu 38, amma sun san ba kowa zai faɗi gaskiya a gaban mahaifinsa ba, don haka suka sake bin wata hanya suka zanta da masu shaye-shaye fiye da dubu 9 a inda suke taruwa. Ke nan ko wajen tambaya sai da dabara.

To amma wannan ƙididdiga tana da iyaka. Ta fara ne daga ɗan shekara 15, saboda haka ƙannenmu na ƙaramar sakandare, da yaron da ke shaƙar sholisho a tasha, ba su ciki. Sannan ta tsaya a kan jihohi, ba ta sauko unguwa ba. Ba za ta gaya mana bambancin Tudun Jukun da Gyallesu ko Tudun Wada ba, balle bambancin wannan layi da wancan. Kuma shekaru sun ja. A farkon watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna wani rahoton bincike kan cinikin kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin ruwan maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mataki ne mai kyau, amma wanda ya saba da maye idan aka rufe masa ƙofa guda, wata yake nema. Abin da ake sha yana canzawa, sunayen da ake kiransa da su ma suna canzawa, har ta kai iyaye su ji 'ya'yansu na zancen a gabansu ba su gane ba. Wannan aikin na mutanen unguwa ne, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ƙasar da ta gwada wannan hanya har duniya ta koya daga gare ta, ita ce Ayislan, wani tsibiri mai tsananin sanyi a arewacin Turai. Mutanenta gaba ɗaya ba su kai na Ƙaramar Hukumar Zariya ba. A shekarar 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce, kashi 23 kuma suna shan taba kullum. An daɗe ana yi musu lacca kan illar shaye-shaye, ba ta yi wani tasiri ba. Sai masu bincike suka riƙa raba wa ɗalibai takardar tambayoyi a makarantu, ba a rubuta suna. Ba a tsaya kan "me kake sha" kawai ba. An tambaye su yawan lokacin da suke zama da iyayensu, ko iyayen sun san inda suke da dare, da abin da suke yi bayan an tashi makaranta. Amsoshin suka nuna cewa yaron da ke zama da iyayensa, yake zuwa wasanni ko wani horo sau uku ko huɗu a mako, kuma ba ya yawon dare, shi ne ya fi tsira.

A kan wannan suka gina shirinsu. Aka sa dokar hana 'yan shekara 13 zuwa 16 zama a waje bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, iyaye suka riƙa zagaya unguwanni da kansu, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da koyon fasaha. Kowace unguwa kuma ana kawo mata nata sakamakon, ta ga inda take. Zuwa 2016, masu buguwa sun sauko daga kashi 42 zuwa kashi 5, masu shan taba kullum daga 23 zuwa 3. Shekara 18 fa, ba mako biyu ba.

Mun san wani zai ce su masu kuɗi ne, kuma matsalarsu giya ce, tamu ƙwaya da wiwi. Gaskiya ne. Ba mu ce a kwafo dokokinsu ba. Abin ɗauka shi ne tambayar da suka fara yi, ita kuwa kuɗinta bai wuce na takarda da biro ba.

A unguwa kamar tamu, bayanin yana nan a warwatse a hannun mutane. Makaranta tana da rajistar da ke nuna waɗanda ke yawan fashi da waɗanda suka daina zuwa, da ajin da abin ya fi yawa. Malaman Islamiyya sun san shekarun da yara maza ke fara janye jiki. Ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi sun san irin larurar da ake kawo musu. 'Yan sintiri sun san kangwaye da lungunan da ake taruwa, da lokacin da ake taruwar. Ungozoma da masu kitso sun san abin da maza ba za su taɓa ji ba. Abin da ya rage shi ne kwamiti ƙarami a ƙarƙashin mai unguwa, da malami, da liman, da ma'aikacin lafiya, da mata, da matasa, wanda zai haɗa waɗannan wuri guda, ya ƙara da takardar tambayoyi ga ɗalibai. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da asibitin koyarwarta a Shika, cike da masanan da aikinsu ke nan, za su iya duba tambayoyin su gyara.

Daga nan sai a zaɓi abu ɗaya ko biyu, kada a ce za a gyara komai a shekara guda. Idan bayani ya nuna yawanci suna farawa ne a aji biyu na ƙaramar sakandare, to lacca ga 'yan ajin ƙarshe ta makara, sai a koma ƙasa. Akwai ma wani darasi mai zama 12 da ake kira Unplugged, wanda UNODC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka gwada a makarantun gwamnatin tarayya, yana koya wa yara yadda za su ce wa aboki a'a ba tare da jin kunya ba. Idan ya nuna tsakanin tashi daga makaranta da magariba ne abin ke faruwa, sai a nemi abin da zai cike wannan lokaci, ƙwallo ne ko koyon sana'a. Idan kuwa ya nuna daga shago biyu ko uku kayan ke fitowa, wannan aikin hukumar NDLEA ne, wadda aka kafa tun 1989, ba aikin samari da sanduna ba. Bayan shekara sai a sake yin tambayoyin nan dai, a ga ko lambar ta motsa. In ba ta motsa ba, a faɗi gaskiya a canza dabara.

Akwai haɗari guda da ya kamata mu daɗe a kansa. Da zarar aka fara rubuta sunaye, aikin ya lalace. Ɗalibin da ya ji cewa amsarsa za ta kai ga ofishin shugaban makaranta ko kunnen babansa, ƙarya zai rubuta, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Shiri kuma idan aka gina shi a kan ƙarya, gara zaton dattawan can na ƙofar gidan mai unguwa. Ban da haka, a garinmu suna idan ya ɓaci yana bin mutum har wurin neman aure, yana shafar ƙannensa mata da ba su ji ba su gani ba. Don haka takarda ba suna, ba lambar rajista, a jefa ta a akwati rufaffe, kuma wanda zai buɗe kada ya zama malamin da ya san rubutun hannun 'yan ajin. Abin da ake nema shi ne "mutum nawa", ba "wane ne" ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, shiri mai kyau dole ya tanadi inda za a kai shi. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu suka kai wasu daga cikinsu da sunan gyaran tarbiyya, saboda ba su san wata ƙofa ba. Alhali akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Shika. Uwa nawa ce a layinku ta san haka? Ita ma wannan tambaya ce da ya kamata ta shiga takardar.

Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu da ikon kafa kwamitin unguwa. Abin da za mu iya shi ne mu roƙi shugaban makaranta da malaminmu mai ba da shawara su kai wannan magana taron iyaye da malamai mai zuwa. Kafin nan mun ajiye akwati a ƙarƙashin wannan allo. Duk ɗalibi ko malamin da ke da tambayar da yake ganin ya dace a sa a takardar, ya rubuta ya jefa, kada ya sa sunansa ko sunan wani. Za mu tace su mu liƙa a fitowa ta gaba.