Koyo ta Intanet da Kiyaye Tsofaffin Gine-ginenmu na Ƙasa

A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna cewa ginin ƙasa yana buƙatar kulawa kowace shekara, da mutanen da suka san yadda ake duba shi kafin damina.

A da, wannan ilimi yana hannun Sarkin Magina da yaransa, ɗa yana gada daga uba. Yanzu magina masu aiki da tubali da azara da makuba sun ragu, siminti ya cika gari. To a nan ne koyo ta intanet yake da amfani. Cibiyar ICCROM da ke birnin Rum, wadda ke horar da masu adana kayan tarihi, takan gabatar da laccoci ta intanet, har malamin makaranta yana iya saurare da wayarsa. Haka nan masana na shirin Zamani a Jami'ar Cape Town sun auna Babban Masallacin Jenne da na Jingaraybar a Tumbuktu da na'ura, suka fitar da surarsu a kwamfuta, wadda ɗalibi zai jujjuya ya duba kowace kusurwa.

Abin da malami zai fara koya shi ne rubuta halin da gini yake ciki: ɗaukar hoto daga wuri guda kowace shekara, auna faɗin tsaga, duba indararo ko ya toshe, da lura da gara a jikin azara. Zai kuma fahimci dalilin da ya sa shafen siminti ke cutar da bangon ƙasa, domin yana riƙe laima a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba.

Sai dai kwamfuta ba ta kwaɓa ƙasa. Da aka rushe hubbarorin waliyyan Tumbuktu a 2012, maginan garin ne suka sake gina su a 2015, bisa tsofaffin hotuna da bayanai da kuma abin da suka gada. Saboda haka ya kamata malamai su riƙa kai ɗalibai wurin ganuwa da ƙofofi da tsofaffin soraye, su zauna da dattawan magina, su naɗi bayaninsu, su miƙa kwafi ga hukuma domin ajiya tun masu ilimin suna raye.