Agogon da Ya Hau Everest da Wanda Ya Ci Sunan

A cikin masu tara agogunan hannu a Turai da Amurka da Japan akwai wani rukuni da zinariya ba ta ruɗa su. Abin da ke tayar musu da tsimi shi ne tsohon agogon ƙarfe mai baƙar fuska, muddin an ce irinsa wani gwarzon hawan tsauni ya ɗaura. Sunayen Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka fara taka ƙololuwar Everest ranar 29 ga Mayu, 1953, ba sa barin bakinsu. Haka na Reinhold Messner, wanda shi da Peter Habeler suka hau tsaunin a 1978 ba tare da tulun iskar shaƙa ba. A ganina wannan ƙauna tana da tushe, amma ba ta cika sai mai ita ya bi labarin gaskiya ya bar na 'yan talla.

Tushen nata shi ne, a can sama agogo kayan aiki ne da rai ya rataya a kansa. Everest ya kai mita 8,849, iskar da ke ƙololuwarsa kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda muke shaƙa a ƙasa. Da agogo mai hawa ke lissafin abin da ya rage a tulunsa, da shi yake sanin lokacin juyawa ko da saura ƙiris ya kai. Hillary da Tenzing sun isa da ƙarfe 11:30 na safe, ba su wuce kimanin minti 15 ba suka kamo hanyar sauka. A watan Mayu na 1996 mutum takwas suka halaka a guguwa ɗaya, kuma cikin dalilan da aka fi ambata akwai wuce sa'ar da aka tsayar ta komowa. Ga sanyi mai daskarar da man da ke cikin injin agogo. Wanda ya ga ƙaramin inji ya jure duk wannan ya yaba, ba shirme yake yi ba.

Sai dai masu suka na cewa duk ƙaunar nan kamfanoni ne suka ƙera ta don su sayar da kaya, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Kamfanin Rolex na Suwizalan ya ba tawagar John Hunt, wadda Hillary da Tenzing ke ciki, agoguna, ya fito da samfurin Explorer a wannan shekara ta 1953, ya shafe shekaru yana jingina shi da Everest, har jama'a suka ɗauka da shi aka kai ƙololuwa. Alhali agogon da Hillary ya ce ya hau da shi na kamfanin Smiths ne na Ingila, yana nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan. Smiths ya daina ƙera agogo tun tuni, Rolex ya zama gagarabadau: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma su waye suka tono wannan magana? Masu tara agogon ne da kansu, waɗanda suka bi tsofaffin mujallu da wasiƙu da hotunan tawagar ɗaya bayan ɗaya. Sha'awar da ake zargi da makanta ita ce ta gyara tarihin, kuma ita ta sa ake neman tsofaffin Smiths a yau. A Japan ma haka abin yake: wani agogon Seiko na masu nutso a ruwa da sunan Naomi Uemura ake kiransa, mutumin da ya hau Everest a 1970 ya kuma ɓace a tsaunin Denali na Alaska a 1984, kuma masoya ne suka raɗa masa sunan kafin kamfanin ya biyo baya.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta wanda ake mantawa. Tawagar 1953 ta dogara da ɗaruruwan 'yan dako da ƙwararrun ƙabilar Sherpa na Nepal, amma hoton da talla ta fi so shi ne na Bature shi kaɗai a kan ƙanƙara. A Afrilun 2014 zaftarewar ƙanƙara ta kashe ma'aikatan tsauni 16 'yan Nepal a safiya guda, suna kai kayan baƙi sama. Kami Rita Sherpa ya hau Everest fiye da sau 30, amma sunansa bai kai na Hillary tsada a wurin gwanjo ba. Hillary kansa bai yarda da wannan mantuwa ba. Ya kafa gidauniyar Himalayan Trust, ya gina makaranta a Khumjung a 1961, ya ƙare rayuwarsa yana gina wa Sherpa makarantu da asibitoci. Da matarsa ta kai agogunansa gwanjo a Janiba a 2010, bayan rasuwarsa, 'ya'yansa Peter da Sarah kotu suka garzaya, aka dakatar da cinikin.