Shafshawan, Garin da Ake Zagawa da Ƙafa

A arewacin Maroko, a jikin tsaunukan Rif, akwai wani gari da ake kira Shafshawan. Iyakar mota bakin tsohon garin ne, daga nan sai ƙafa. Lungunansa matsattsu ne, da yawansu matakala ce zalla, ko kaya ma sai a kan jaki ko a amalanke ake shigar da su.

Tsoron hari ne ya tsara garin haka. A 1471 Ali ibn Rashid ya kafa shi a matsayin ribaɗi, domin tare Turawan Fotugal da suka riga suka kama wasu garuruwan gaɓar teku. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmi da Yahudawan Andalus suka kwararo nan, suka zo da salon gininsu: gida mai tsakar fili da rufin jan tayil. Sifaniya ta mamaye garin a 1920, ta bar shi a 1956.

Baƙo yakan fara ne daga dandalin Uta el-Hammam, inda tsohuwar ganuwar sarki take, kusa da babban masallaci mai hasumiya mai kusurwa takwas. Daga nan hawa ne ba ƙaƙƙautawa. Gaggawa ba ta da amfani, domin mai sauri shi ke fara haki, ya wuce masaƙa da masu sayar da cukun akuya bai gan su ba. Can ƙarshen gari akwai Ras el-Ma, marmaron da ke fitowa daga dutse, inda mata ke wanke tufafi da dardumu.

Shuɗin fentin gidaje da ya fito da sunan garin kuwa, bakin mutane bai zo ɗaya a kansa ba. Wasu sun ce al'adar Yahudawa ce, wasu sun ce maganin sauro ne. Ko ma mene ne, yau shi ke jawo kuɗi, shi ke jawo damuwa kuma: masu ɗaukar hoto sukan manta cewa ƙofar da suka tare ta gidan wani ce.

Mai sauran ƙarfi sai ya haye rafin Ras el-Ma ya bi 'yar hanyar da ta kai wani masallaci a kan tudu. Sifaniyawa ne suka gina shi bayan mamayarsu, mutanen gari suka ƙaurace masa. Yanzu baƙi ne ke cika harabarsa da yamma, domin daga nan ake hango garin gaba ɗaya.