Rumbun Tsimin Ƙungiya

Da yawa daga cikinmu, in mun gama koyon aikin malanta aka tura mu ƙasar Boɗinga ko Shagari, ba za mu daɗe ba samarin gari za su zo su roƙe mu mu riƙe musu littafin kuɗin ƙungiyarsu ta taimakon juna, gama malami ake gani ya san lissafi. Malamai da ƙungiyoyi kuwa sun daɗe tare. Malam Shehu Shagari, wanda aka haifa a Shagari a 1925, ya kuma zama Shugaban Ƙasa a 1979, yana malamin makaranta ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar samari a Sakkwato cikin shekarun 1940.

To, kafin mu karɓi littafin nan, sai mu sani ba ranar tara gudummawa ake gane lafiyar ƙungiya ba, sai watan Agusta. A ƙasar nan kuɗi da kaka suke shigowa, sa'ad da aka girbe gero da dawa. Bukata kuwa sai tsakiyar damina take tasowa, rumbuna sun yi ƙasa, zazzaɓi ya yawaita. Watau lokacin da aka fi neman ƙungiya, shi ne lokacin da 'ya'yanta suka fi kasa biyan kuɗin wata.

A ce mutum 40 ne, kowa na ba da naira 500 a wata. Ga takarda, naira 240,000 ke nan a shekara. Amma in rabinsu suka kasa biya wata uku na damina, 30,000 ta tafi. Ma'ajin da ya bari aka ƙarar da kome da rani wajen biki da ɗinkin riguna, me zai ce wa mai majinyaci? Saboda haka lalle a keɓe abin da zai riƙe ƙungiya aƙalla wata uku, kamar rumbun tsimi, kada a taɓa shi sai da yardar taro da sa hannun mutum biyu.

Sai dai kuɗi ma suna da tasu gara. A 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, har naira 100,000 da ta shekara a akwati ba ta sayen abin da 77,000 ta saya da can. A farkon 2023 kuma, da aka sake takardun kuɗi, mai ajiya a banki ya rasa tsaba, mai ajiya a gida aka ƙi karɓar tsofaffin takardunsa. Mu dai a ganinmu gara a raba ajiyar biyu, kashi a banki, kashi a sayi gero da kaka yana araha. Kowane wata sai a tura mutum biyu su duba buhunan saboda ƙwari, su ƙidaya, a rubuta adadin cikin littafi a gaban jama'a.