Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Makullin Mota Mai Hana Sata Yake Aiki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, ya rubuto yana cewa makullin motarsa ya ɓace, ya sa aka yanka masa wani. Sabon yana buɗe ƙofa, yana kuma juyawa, amma mota ta ƙi tashi. Wai me ya jawo haka?

AMSA: To Alhaji, kwantar da hankalinka, motarka lafiyarta ƙalau. Ba ta san makullin ba ne kawai.

A da, haƙoran makulli ne kaɗai ke tsare mota. Ɓarawo sai ya yanko irinsu, ko ya fasa ƙarƙashin sitiyari ya haɗa wayoyi, shi ke nan mota ta tafi. Wannan ya sa masu ƙera motoci suka ɓoye wata 'yar na'ura, ba ta fi ƙwayar wake ba, a cikin baƙar robar da ke kan makullin. Kowace tana ɗauke da lambar sirri tata.

Ga yadda abin yake. A kewayen ramin da kake zura makulli akwai zoben waya. Da ka murɗa, sai zoben ya aika da sigina irin na rediyo. Daga nan 'yar na'urar take samun wuta, don ba ta da batir, sai ta mayar da amsa. Kwamfutar mota, wadda ake kira ƙwaƙwalwa, ita ke duba amsar. In ta yi daidai, sai ta saki mai da wuta, inji ya tashi. In ba ta yi ba, sai ta hana. Kamar mai gadin sito ne da ba ya buɗe wa kowa sai wanda ya gane muryarsa. Naka makullin yana da haƙora, amma ba shi da murya.

Ƙasashen Jamus da Ingila sun wajabta sa wannan na'ura a sababbin motoci a 1998, Ostireliya a 2001, Kanada kuma a 2007. Shi ya sa yawancin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano suke da ita.

Yanzu abin yi shi ne ka nemi mai gyaran makulli da ke da na'urar kwamfuta, ya haɗa sabon makulli da ƙwaƙwalwar motar. Ka ce ya goge lambar wanda ya ɓace, don kada wanda ya tsince shi ya biyo sawu. Ka tafi da takardun mota.

Sannan a kula, jama'a. In bakanike ya ce zai cire na'urar gaba ɗaya, ko zai manne ta kusa da ramin makulli don kowane makulli ya yi aiki, kada ku yarda. An kori mai gadi ke nan, an bar sito a buɗe. Kuma duk mai sayen mota ya nemi makulli biyu tun wurin ciniki, ya gwada kowanne ya ga ya tayar da inji. Yin na biyu tun na farko yana hannu ya fi arha nesa ba kusa ba.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.