Wayar Girke a Ƙasashen Duniya: Sabubban Ja da Bayanta da Abin da Ya Biyo Baya

Duk wanda ya dubi ƙididdigar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU mai mazauni a Jeniba, take fitarwa shekara-shekara game da layukan tarho, zai ga al'amari guda wanda ba ya bukatar dogon bahasi, shi ne cewa wayar girke, wadda ake jawo wa igiyar jan ƙarfe daga cibiyar haɗa layuka har cikin ɗakin mutum, ta shafe shekara 130 tana yaɗuwa, tun daga 1876 da Alexander Graham Bell ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirarsa a Amurka, har ta kai maƙurarta wajen 2006 da layuka kimanin biliyan 1.26, sa'an nan ta juya baya, ta yadda a yau ba ta cika miliyan 900 ba. Wayar salula kuwa ta zarce ta tun 2002, layukanta yanzu sun haura biliyan 8, wato sun fi bil'adama yawa. Mai gaggawar hukunci zai ce sabo ya kori tsoho, magana ta ƙare. Alhali jimillar duniya tana haɗa ƙasashen da suka gaji da wayar girke da waɗanda ba su taɓa samunta ba, kuma sababin raguwarta a wurin waɗancan dabam yake da sababin rashinta a wurin waɗannan.

Asalin mas'alar yana ga tsada, tsadar kuwa tana ga zangon ƙarshe, domin kowane gida sai an ja masa igiyarsa shi kaɗai, a kafa turaku ko a haƙa rami, sa'an nan a ajiye ma'aikatan da za su riƙa gyara idan ruwa ko ɓarawo ya taɓa ta. Kuma bayan wannan duka, kamfanin waya bashi yake bayarwa, mutum ya yi magana wata guda kafin a aiko masa da takardar kuɗi, abin da ba ya yiwuwa sai inda tituna suke da suna, gidaje suke da lamba, mutane kuma suke da albashin da za a iya dogara da shi. Saboda haka a galibin ƙasashe daula ce ta riƙe sha'anin ita kaɗai, ta gwama shi da gidan waya, inda baitulmali yake da ƙarfi igiya ta isa ƙauye, inda ba shi da ƙarfi ta tsaya a ofisoshin gwamnati da unguwannin manya. Kwamitin da ITU ta kafa ƙarƙashin Sir Donald Maitland ya bayyana a rahotonsa na ƙarshen 1984 cewa daga cikin tarho miliyan 600 da ke duniya a lokacin, kashi uku cikin huɗu suna ƙasashe tara kacal, kuma birnin Tokyo shi kaɗai ya fi nahiyar Afirka baki ɗaya yawan tarho. 'Yar igiyar da Turawan mulkin mallaka suka bari ma an shimfiɗa ta ne don maslahar mulki da fatauci, tana fuskantar teku, har ya zama kira tsakanin ƙasashe biyu maƙwabta, ɗaya rainon Ingila ɗaya rainon Faransa, yakan bi ta Landan da Faris kafin ya dawo. Nijeriya ta karɓi mulkin kai a 1960 da layuka 18,724, kuma bayan shekara 40, da kafa kamfanin waya na gwamnati NITEL a 1985 da dukan dukiyar man fetur da ta gudana a tsakani, layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba ga al'ummar da ta kai miliyan 120.

Da salula ta zo, sai ta warware ƙulli biyu a lokaci ɗaya. Ƙarfen sabis guda yana ɗaukar dubban mutane ba tare da an ja igiya zuwa ƙofar kowa ba, wannan kowa ya sani. Amma a ganina ƙulli na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne katin waya, wanda wani kamfani na Fotugal ya fara sayarwa a Turai a 1995, domin da shi aka juya mu'amalar daga bashi zuwa biya kafin amfani, kamfani ya daina bukatar sanin gidan mutum ko amincinsa, talaka kuma ya sami ikon sayen magana gwargwadon abin da ke aljihunsa a ranar. A haɗa wannan da buɗe ƙofar gasa, kamar gwanjon lasisin da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi a Janairun 2001, inda aka sayar da kowane lasisi dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, sai a ga dalilin da ya sa layukan salula a Nijeriya suka haura miliyan 150 alhali na girke sun kusa ɓacewa daga lissafi. Akwai kuma sababi na ɗabi'ar rayuwa, wanda masu ƙididdiga ba su cika ambata ba: lambar girke ta wuri ce, lambar salula ta mutum ce, kuma bafatake da makiyayi da ɗan ci-rani da direban babbar mota, waɗanda arzikinsu yake cikin tafiya, ko da an ba su wayar girke kyauta fa'idarta gare su kaɗan ce.

A ƙasashen da igiya ta riga ta shiga kowane gida, al'amarin bai tafi bai ɗaya ba, kuma a nan ne nazari ya fi daɗi. A Amurka, hukumar lafiya ta CDC ta ruwaito cewa a rabin ƙarshe na 2016 ne gidajen da ba su da komai sai salula suka fara rinjaye. Sin, wadda ta kai layuka sama da miliyan 360 a 2006, ta zubar da fiye da rabinsu. Nowe ta rufe igiyoyinta na jan ƙarfe a ƙarshen 2022, Finlan kuwa, mahaifar Nokia, tana cikin ƙasashen Turai mafi ƙarancin wayar girke. Amma Jamus da Faransa da Japan har yanzu suna da layuka masu yawa, kuma wanda ya ɗauka cewa mutanen can sun fi son zama kusa da tebur suna hira ya yi kuskuren ƙiyasi, domin a Jamus da Faransa intanet ɗin gida ta kan tsohuwar igiyar tarho ta fara shigowa, kamfanoni suka riƙa sayar da intanet da lambar girke a ƙunshi ɗaya, sai lambar ta ci gaba da shiga ƙididdiga ko da tarhon ya yi kwanaki bai yi ƙara ba. A Japan kuwa mallakar layi sai da aka biya wa kamfanin NTT kuɗin kafi har yen 72,000, kafin a rage shi zuwa rabi a 2005, mutane suka ɗauki layin tamkar kadara. Ga yawan dattawa, ga ofisoshin da ba su rabu da na'urar faks ba. Monako tana da layuka fiye da yawan mazaunanta saboda bankuna da masaukai da ofisoshi. Mafi ban mamaki ita ce Indiya, inda layukan girke suka sauka zuwa wajen miliyan 20, sa'an nan suka sake hawa, har kamfanin Jio ya zarce BSNL na gwamnati a 2022, ba don komai ba sai don zaren gilashi mai ɗauke da intanet da yake ja zuwa gidaje, wanda lambar tarho take biyo shi a matsayin gyara. Ke nan ƙididdigar wayar girke a yau ta fi nuna yawan gidajen da igiya ta shiga fiye da yawan masu magana ta cikinta.

Illolin wannan sauyi sun fi bayyana a lokacin musiba. Tsohuwar igiyar jan ƙarfe tana ɗauke da wutarta daga cibiya, inda manyan batura masu bolt 48 suke jiran ko-ta-kwana, shi ya sa tarhon gida yake aiki ko an ɗauke lantarki. Sabon tsari kuwa, wanda murya take bi ta intanet, yana mutuwa tare da wutar gidan. Ingila ta ɗanɗana wannan a guguwar Arwen ta Nuwamban 2021, lokacin da wasu ƙauyuka suka kwana da kwanaki ba wuta, ba sabis, ba hanyar kiran agaji, kuma damuwa game da tsofaffi da marasa lafiya masu rataye da na'urar neman ɗauki, wadda aka ƙera don tsohon layi, tana cikin abin da ya sa kamfanin BT ya ɗage rufe tsohon tsarin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Masu binciken ra'ayin jama'a ma sun shiga ruɗani, domin kundin lambobin waya da suka dogara da shi ya daina wakiltar ra'iyya. Abin ya zama kishiyar kuskuren mujallar Literary Digest a 1936, wadda ta tambayi masu tarho da masu mota ta yi hasashen faɗuwar Roosevelt a zaɓen shugaban Amurka, shi kuwa ya cinye jihohi 46 cikin 48. A cikin gida kuwa, tarhon falo kowa yana jin ƙararsa, maigida ya san mai kira, salula ta mayar da magana sirrin mai ita. Wannan ya buɗe wa mata da matasa ƙofar ciniki da zumunci, ya kuma buɗe wa 'yan damfara ƙofar da babu mai gadi a bakinta.

Saura da'awar da ake yawan yi cewa Afirka ta tsallake zamanin igiya ta huta. Akwai gaskiya a ciki, domin abin da daula ta kasa a shekara 40 salula ta yi shi a 10, har ta haifar da hidimomi irin M-Pesa, ta tura kuɗi ta waya, da aka fara a Kenya a 2007. Sai dai ƙarfen sabis kansa yana bukatar igiyar da za ta kwashe masa kaya zuwa cibiya, cibiya kuma tana bukatar ta ƙarƙashin teku, kamar yadda Afirka ta Yamma ta gani a 14 ga Maris 2024, ranar da igiyoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi daga Abijan zuwa Ikko suka tsaya cik. Ƙasashen da suka sha wahalar jan ƙarfe sun gaji ramuka da bututu da turaku da taswirar gidaje, cikin waɗannan ne suke zura zaren gilashi a yau da sauƙin kuɗi; Sifen, wadda hukumarta ta tilasta wa kamfanin waya na Telefónica barin abokan gasa su yi amfani da bututunsa, ta zama cikin na gaba a Turai wajen kai zaren gilashi gidaje, har kamfanin ya sallami jan ƙarfe a 2024. Mu a Nijeriya da ba mu haƙa ramin a jiya ba, haƙarsa tana nan tana jiranmu, kuma makaranta da asibiti da masana'anta ba za su gudanar da aikin zamani da katin data na wayar hannu ba.

Gwamnatin Tarayya ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi, amma ƙasar da za a haƙa tana hannun jihohi. An yi ittifaƙi tun 2013 a kan naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin izinin haƙa, jihohi da dama suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin haka, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Ya wajaba sauran gwamnoni su sauko aƙalla zuwa farashin da aka yi ittifaƙi a kansa, su kuma shar'anta wa duk ɗan kwangilar da zai gina titi ya binne bututun igiya a gefensa kafin ya zuba kwalta.